Na Shida

Biyar sun fito tun jiya da hantsi,
sun bushe, sun yi laushi kamar audugar rimi,
suna tattake juna a cikin kwali.
Na shida ya huda ɓawo da la'asar,
huda ɗaya tak,
sai ya tsaya.

Yanzu ƙarfe biyun dare a Hull.
Yayyafi na taɓa tagar kicin,
ruwan nan nasu da ba ya zuba, ba ya ɗaukewa.
Kubra tana aikin dare a gidan tsofaffi.
Daga ni sai Rumasa'u, sai injin ƙyanƙyasa
da makarantarsu ta ba mu amana na hutun mako,
yana gurnani kusa da butar shayi.

Maƙwabcinmu Holroyd, mai kaji a bayan gida,
ya leƙo da yamma, ya girgiza kai.
A bar shi, in ji shi, wanda bai fasa da kansa ba
ko an fasa masa ba ya nisa.
Na kira Inna a Malumfashi, ta ce haka ne,
kaza ma tashi take ta bar irinsa.
Tsofaffi biyu, ba mai jin harshen wani,
bakinsu ya zo ɗaya.

Amma ba su ne a kicin ɗin ba.
Ba su ji kukan nan ba, siriri,
yana ja da baya kamar rediyon da batir ya yi wa sanyi.
Rumasa'u ta ɗora haɓa a kan tebur
ta ce, Baba, ya gaji.

Na wanke hannu har gwiwa.
Matsefata, auduga, ruwan ɗumi a murfin kwalba.
Na yi bisimilla.
Ɓawon ba wuya, ɓallewa yake kamar na gyaɗa.
Tantanin ne abin tsoro,
ya bushe, ya ɗame shi kamar fatar kalangu.
Na jiƙa, na jira, na ɗaga kaɗan,
sai ga jan zare.
Jini.
Na janye kamar na taɓa garwashi.

Muka mayar da shi cikin ɗumi.
Hannun da ke juya bas mai hawa biyu
a kwanar Anlaby ba ko gezau,
ga shi yana rawa a kan abin da bai kai lemon tsami ba.

Cikin jiran ta tambaye ni
ko zai ji haushi don ba shi ya fasa ba.
Ban amsa ba. Ina wani daren,
shekara takwas baya, a dogon asibitin can,
likita ta miƙo takarda ta ce sa hannu,
ba za mu ƙara jira ba.
Akwatin gilashi. Ƙafa kamar ɗan yatsana.
Ranar ba wanda ya ce a bari ta fasa da kanta.

Ƙarfe huɗu jijiyoyin suka dushe.
Na zagaye ɓawon sannu, na cire hular,
na bar masa gindin, don ya samu abin turewa.
Shiru.
Ya shura. Ya huta. Ya sake shurawa.
Ya faɗo a tafina, jiƙe sharkaf, mummuna,
wuya kamar igiyar takalmi,
zuciyarsa na ƙwanƙwasa fatar hannuna.

A garinmu wanda ya daɗe a ciki
Shekarau ake ce masa. Na raɗa masa.

Ban sani ba ko zai kai Juma'a.
Yatsun ƙafarsa ta hagu a naɗe suke,
wataƙila tsofaffin nan suna da gaskiya.
Rumasa'u ta yi barci, kumatu a kan tebur,
auduga a dunƙule cikin hannunta.
Ƙarfe shida zan fita da mota.
Na ɗora ruwan shayi, na tsaya ina saurare:
biyar na hayaniya a kwali,
ɗaya, can cikin inji, yana amsa musu
a makare.